Barcin Zomo, Barcin Gaiwa

Ƙarfe biyun dare a Rikkos.
An ɗauke wuta tun bayan isha'i,
sanyi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya sami wuri.
Babu mai motsi a ɗakin
sai ɗan farin ɗigo a gefen kwamfutata,
ya haska, ya dushe, ya haska,
kamar ƙirjin jinjiri.

Da dare na rufe ta da tamanin da huɗu.
Da asuba, saba'in da tara.
Wa ya sha biyar?

Na kai ƙara wurin Pam, mai gyara a Dilimi,
a shagon da bai fi tabarma biyu ba,
ƙaurin dalma, da rediyo marar murfi.
Bai ɗago kai ba ya ce,
Lantana, barci biyu gare ta.

Na farko na zomo ne, ido biyu, kunne tsaye.
Abin da kika bar mata a hannu
tana ta nanata shi a zuci
kamar yaron da aka aika kanti,
gishiri, ashana, omo, gishiri, ashana, omo.
Nanatawar ce ke cin wuta.
Ba yawa, wat ɗaya ko abin da bai kai ba,
amma yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.
Taɓa ta kawai, ta zabura ta ce na'am.
In kuwa batir ya ƙare tana kan hanya,
saƙo ya zube a ƙasa.

Na biyun fa?

Ya ajiye sukuddireba.
Kin san gaiwa? In fadama ta ƙafe
sai ta nutse cikin laka ta ɗinke bakinta.
Haka wannan: ta rubuce komai a faifai,
ta kashe fitila, ta daina numfashi.
Ba ta ci, ba ta sha, ba ta jin kira.
Tashinta da nawa, sai kin yi haƙuri,
amma ko bayan shekara
inda ta tsaya nan za ta ɗora.

Na biya shi ɗari biyu bai karɓa ba.

Ran Lahadi na buɗe akwatin Baba.
Wata bakwai ke nan.
Hularsa ta ulu, katin fansho,
da tsohuwar kwamfutar da ya saya a Taminus
don ya rubuta zamaninsa na akawun kuza.
Na jona ta, na danna.
Ta yi shiru har na fid da rai,
sai fanka ta yi tari,
fuska ta waye.

Shafi na sittin da ɗaya.
"Ranar da ramin Bisichi ya rufta, ni da Gyang muna"

Muna me, Baba?
Ɗan sandan rubutu na ƙifta ido a bakin kalmar,
yana jiran yatsan da ya tafi asibiti
da niyyar dawowa bayan la'asar.
Wata bakwai ta riƙe masa wurin
ba ta nemi ko yunit ɗaya a mita ba.

Ban ƙara harafi ba. Ban goge ba.
Na mai da ita cikin laka.

Yanzu ga ni kwance, ƙarfe biyu ya wuce,
lissafin dillalan dankali na Farar Gada a buɗe a kaina,
kuɗin makarantar Ummi,
bashin gas, maganin Inna,
gishiri, ashana, omo.
Wai barci nake.
Gobe zan tashi da saba'in da tara,
jibi da abin da ya rage.

Ɗigon nan yana ta numfashi a kan tebur.
Na miƙa hannu cikin sanyi
na zaɓar mata dogon.
Ɗakin ya yi duhu gaba ɗaya.
Can wajen Gangare wani janareta
shi ma ya haƙura.